Darasi: Rawar Hannu Ba Tsufa Kaɗai Ba Ne

'Yan'uwa manoma, a ƙauyukanmu na kewayen Mahuta ba a rasa dattijon da hannunsa guda ke rawa alhali yana zaune, kamar mai murza ƙwayar dawa tsakanin yatsu. Yana jan ƙafa, murya ta yi ƙasa, fuska ba walwala. Waɗansu su ce tsufa ne, waɗansu su ce jifa ne ko burukutu. Sau da yawa ba ko ɗaya.

Wani likita a Landan, James Parkinson, ya bayyana wannan ciwo a 1817, domin haka ake kiransa da sunansa. Cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyi masu yin wani sinadari, dofamin, wanda ke sa gaɓoɓi su motsa sumul. In ƙwayoyin suka fara mutuwa, sai jiki ya riƙe kamar amalanken da ba a sa wa mai ba. Ba a ɗaukarsa wurin wani. A ci tuwo da shi kwano ɗaya.

Maganin warkewa bai samu ba tukuna, amma akwai ƙwaya mai suna levodopa wadda ke sassauta jiki, har mutum ya koma kiwon awakinsa. Kada a saye ta a kemis da ka, gama ba kowace rawa ce wannan ciwo ba. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne zai bambance. A karɓi takarda a asibitin Malumfashi ko Funtuwa zuwa asibitin koyarwa na Shika, ko na Aminu Kano. Maganin na kullum ne, ba a yanke shi don an ji sauƙi.

Bincike bai tsaya ba. A 2023 Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta sun gano wata alama ta gado cikin 'yan Afirka mai ƙara haɗarin ciwon. Abin da ya fi shafarmu kuwa, masana sun daɗe suna zargin maganin ciyawan nan da ake rubuta paraquat a jikin gorarsa. Turai ta hana shi a 2007. Na sha ganin samari suna feshi ba riga, ba takalmi, suna gauraya magani da hannu. Kowane irin magani ne, a rufe hanci, a sa safar hannu, a ba iska baya, a yi wanka da sabulu.

Abin tattaunawa a taron ƙungiya: in ɗan'uwa ya kamu, nawa asusunmu zai iya ba shi na mota zuwa Shika, wa kuma zai raka shi?