Abin Da Ke Sa Mu Ganganci

A hutun daminar bara, a ƙauyenmu kusa da Dambatta, na yi tsalle na faɗa kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, alhali kuwa ban iya iyo ba. Ba don wani manomi ya miƙo mini gora ba, da yanzu sai labari.

To, me ya kai ni? Kullum nakan wuce wurin ni kaɗai, ko ƙafa ban taɓa tsomawa ba. Amma ran nan tsarana suna tsaye a bakin ruwan, ɗayansu ya ce 'yan makarantar kwana ragwaye ne. Shi ke nan fa.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. A 2005 wani masani a Amurka, Laurence Steinberg, ya gwada mutane da wasan tuƙin mota a kwamfuta. In abokai suna kallo, matasa sai su ƙara ganganci. Manya kuwa da kyar halinsu ya sake. Kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25.

Baba ya yi mini faɗa, wai ban san ruwa yana kisa ba. Wallahi na sani sarai. Dariyarsu na fi jin tsoro a ranar.