Malamin da Ya Ajiye Aikin Bom

Darasinmu na wannan mako a kan amanar ilmi ne, misalinmu kuwa wani masanin kimiyya ne mutumin Poland, ana ce masa Joseph Rotblat.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin masanan da Amurka ta tara a Los Alamos domin ƙera bom na nukiliya. Abin da ya kai shi tsoro ne, kada Hitler ya riga su. Da ya tabbata Jamus ba ta da wannan iko, sai ya ajiye aikin a ƙarshen 1944, ya koma Ingila. Sauran suka ci gaba. A watan Agusta 1945 aka jefa wa Hiroshima da Nagasaki abin da suka ƙera.

To, bai tsaya ga wanke hannunsa ba, nan ne kuwa ya burge ni. Ya juya iliminsa ga aikin asibiti, yana koyarwa a Landan. A 1955 ya sa hannu a takardar gargaɗin Russell da Einstein. A 1957 masana 22, har da na Amurka da na Tarayyar Sobiyet, suka zauna a ƙauyen Pugwash na Kanada, alhali gwamnatocinsu na zaman doya da manja. Tarurrukan da suka biyo baya sun taimaka wajen share fagen yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968.

Da aka ba shi kyautar Nobel a 1995, ya nemi ɗaliban kimiyya su riƙa yin rantsuwa irin ta likitoci. Ya rasu a 2005.