Daren dusar ƙanƙara a hanyar Muri

Muri wani gari ne bisa duwatsu a ƙasar Pakistan, arewa maso gabas da Islamabad, babban birnin ƙasar. Tsawon dutsen da garin yake kai ya wuce mita 2000. Lokacin ɗari, sanyin wurin ya fi na Agadas nesa ba kusa ba. In sanyi ya kai digiri 0, ruwa yakan daskare. Sa'an nan, maimakon ruwan sama, sai dusar ƙanƙara ta riƙa zubowa, fara fat kamar auduga.

Mutanen birane suna son zuwa Muri kallon dusar. A farkon watan Janairu na 2022, dubban motoci suka hau hanyar, cike da iyaye da ƴaƴansu. Ran Juma'a, 7 ga watan, dusa ta sauko da ƙarfi, har tudunta ya wuce mita ɗaya. Iska kuma ta kada itatuwa bisa hanya. Taya ba ta kama ƙasa cikin dusa. Sai ta yi ta juyawa a banza, kamar ta motar da ta kafe cikin rairayi. Motoci wajen 1000 suka maƙale, ba gaba ba baya.

Dare ya yi, sanyi ya ƙaru. Waɗansu suka bar motocinsu, suka tafi da ƙafa neman mafaka. Waɗansu kuwa suka rufe gilasai ruf, suka bar inji yana aiki don su sami ɗumi. Ba su lura ba dusa ta toshe bututun hayaƙi na bayan mota. Da hayaƙin ya rasa hanyar fita, sai ya komo ciki.

Cikin hayaƙin mota akwai wata iskar guba, ana ce da ita monoksid na karbon. Ba ta da launi, ba ta da wari. In mutum ya shaƙe ta, sai ta shiga jininsa, ta tare wurin iskar oksijan wadda jiki yake rayuwa da ita. Da fari sai kai ya yi ciwo, jiri ya kama mutum. Daga nan barci ya ɗauke shi, mai yiwuwa ba zai farka ba.

Da gari ya waye, sojoji da ƴan ceto suka buɗe hanya. Suka tarar mutum fiye da 20 sun rasu cikin motoci, har da yara. Sanyi ya kashe waɗansu, gubar hayaƙi ta kashe waɗansu.

Direbobin ƙasashen sanyi suna da dabarunsu. Sukan ɗaura wa taya sarƙa don ta kama hanya. Sukan ɗauki bargo da abinci da shebur. In mota ta maƙale, sukan share bakin bututun, su ɗan buɗe gilashi, su tada inji na ɗan lokaci kaɗai.

A Nijar dusa ba ta rufe hanyoyi, amma wannan guba tana nan. Gawayi ma yana fitar da ita. Lokacin hunturu, wanda ya shiga ɗaki da kaskon wuta, ya rufe ƙofa da taga, ya kwanta, ya sa kansa cikin hatsari irin na matafiyan Muri. Rigakafi ya fi magani.

Ma'anar kalmomi
Daskare: ruwa ya yi tauri saboda sanyi.
Maƙale: kasa motsawa daga wuri.
Mafaka: wurin ɓuya daga ruwa ko sanyi.

Tambayoyi
1. A wace ƙasa garin Muri yake?
2. Me ya hana motoci tafiya?
3. Ta yaya hayaƙi ya shiga cikin motoci?
4. Don me mutum ba ya gane ya shaƙi wannan guba?
5. Me ya kamata a yi da kaskon wuta kafin a kwanta?

Aiki
Ku nemi Pakistan bisa taswirar duniya. In kun koma gida, ku ba iyayenku labarin Muri.