Dutsen Ado Ba Ya Tsare Mai Shi

Karatu: Fitowa 28:9-30, Ayyukan Manzanni 8:26-39

Darasinmu na wannan mako a kan duwatsun ado ne, irin waɗanda iyayenmu mata ke ratayawa a wuya, maza kuma su ɗora a kan zoben azurfa. Mun daɗe da sanin darajarsu, shi ya sa har 'ya'yanmu mata muke kira Murjanatu da Lantana. Amma akwai tambayar da ke damun masu bi da yawa, musamman 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasar Sudan, daga Aljirif a bakin Shuɗin Nilu har zuwa Omdurman. In kaka ta kawo dutse ta ce a ɗaura wa jariri saboda kambun baka, me mai bi zai yi? Ya karɓa ne, ko ya ƙi? Kafin mu amsa, bari mu san duwatsun tukuna.

Inda muke gamuwa da su

A Sudan akwai al'adar aure da ake kira jirtik. Ana zaunar da ango da amarya a kan gadon igiya da aka shimfiɗa wa jan kyalle, tsofaffin mata su shafa musu turare a ka, su ɗaura jan zaren siliki mai shuɗin dutse a wuyan hannu. Ana kuma rataya dogon carbi na yusur, wato baƙin murjani na teku, tare da somit, wani dogon dutse mai duhu da farin zane a jikinsa. A wurin wasu ado ne na gargajiya kawai. A wurin wasu kuwa garkuwa ce daga mugun ido, da neman albarkar haihuwa.

Mu ma muna da namu a ƙasar Hausa. Akwai tsakiya, akwai murjani, akwai lantana. Jan dutsen lantana, a yankin kogin Kwara cikin Jamhuriyar Nijar ta yau ake haƙo shi a dā. Fatake Hausawa suka riƙa kai shi Ilori, inda maƙera duwatsu ke huda shi su goge, a sayar wa sarakunan kudu.

Mene ne ainihinsu?

Somit da yawancin jajayen duwatsun wuya dangi ɗaya ne, wanda Larabawa ke kira aƙiƙ. Sinadarin da ke cikinsa shi ne wanda ke cikin farin yashi. Sa'ad da narkakken dutse ya fito daga dutse mai aman wuta ya huce, yakan bar 'yan ramuka a ciki. Ruwa ya riƙa tsatsafowa cikin ramukan yana barin wannan sinadari, shimfiɗa a kan shimfiɗa, shekaru masu yawa. Zanen nan da kake gani a jikin somit, shimfiɗun ke nan.

Jan launin kuma daga ƙarfe yake. Ku mutanen Aljirif kun fi kowa saurin gane wannan, gama an san bakin koginku da masu gasa jan bulo. Lakar da aka sa a wuta ba ja ba ce. Ɗan ƙarfen da ke cikinta ne wuta ke mayarwa ja. Haka ma masu sana'ar aƙiƙ na garin Khambhat a ƙasar Indiya suke gasa duwatsunsu cikin tukwane har su yi ja wur. Abin da ya rina bulon katangarka shi ne ya rina dutsen wuyan matarka.

A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10. Daimon ne a kan 10. Ametis, mai launin shunayya, yana kan 7, aƙiƙ ma kusa da nan, gilashi kuma wajen 5 da rabi. Saboda haka aƙiƙ na gaske yana iya karce gilashi, in ka ɗora shi a kumatu kuma za ka ji shi da sanyi. Na jabu da aka zuba da gilashi, sau da yawa in ka duba shi a hasken rana za ka ga 'yan kumfa a ciki.

Kuma da yawa daga cikin waɗanda muke ɗauka gadon kakanni ne, baƙi ne. Tun wajen shekarun 1830 masu sana'a na garin Idar-Oberstein a Jamus suka riƙa sayo aƙiƙ daga Brazil, su jiƙa shi cikin ruwan sukari, su dafa shi cikin asid har ya yi baƙi da farin zane, sa'an nan su aiko da shi kasuwannin Afirka. Ka yi tunani a kan wannan. Dutsen da ake tsoron cirewa daga wuyan yaro, wataƙila wani ma'aikaci ne ya rina shi da sukari don neman abincin 'ya'yansa.

Ma'anar da mutane suka ba su

Kowace al'umma ta ba duwatsun nan ma'anarta. Helenawa sun ɗauka ametis yana hana maye, sunan ma a harshensu yana nufin wanda bai bugu ba. Masarawan dā sun haƙo ametis a Wadi el-Hudi kusa da Aswan, sun haƙo fairuz a Sinai, shuɗin lazaward kuma tun daga tsaunukan Badakhshan na Afganistan yake iso musu. Jan aƙiƙ a wurinsu alamar jini ne da rai, har suna sa wa matattu. Dutsen bai taɓa faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mutum ne ya ji tsoro, ya nemi abin riƙewa, ya ɗora begensa a kan abu mafi kyau da ya samu.

Tarihin Sudan kansa ya gwada wannan bege. A Meroe, wajen kilomita 200 arewa maso gabas da Khartoum, an binne sarauniya Amanishakheto da zinariyarta da duwatsun wuyanta, da zobba masu siffofin allolinta. A 1834 wani ɗan Italiya mai suna Giuseppe Ferlini ya rushe dalar kabarinta ya kwashe dukiyar, aka sayar da ita ga gidajen tarihi na Munich da Berlin. A zamaninmu ma, bayan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, an yi wa babbar kasuwar Omdurman ɓarna, wurin da aka sani da masu sayar da azurfa da duwatsun wuya. A watan Maris 2025, da aka sake samun shiga Gidan Tarihi na Ƙasa a Khartoum, an tarar an wawashe kayansa masu daraja. Dutsen da bai iya hana ɓarawo ɗaukarsa ba, yaya zai hana ciwo kama ɗanka? Kai ne kake tsaronsa dare da rana.

Abin da Maganar Allah ta koya

Littafi Mai Tsarki bai rena duwatsun ado ba. Allah ne ya halicce su, tun a Farawa sura 2 an ambaci ƙasar da ake samun onis. Bawan Ibrahim ya ba Rifkatu kayan ado sa'ad da ya je neman aurenta ga Ishaku. A Wahayin Yahaya 21, harsashin sabuwar Urushalima an ƙawata shi da duwatsu iri 12, na fari yasfa, na ƙarshe ametis.

Amma dubi yadda Allah ya yi amfani da su a Fitowa 28. Ya umarci Musa a yi wa Haruna ƙyallen ƙirji, a jera duwatsu 12 a kai, layi 4, kowane layi duwatsu 3. Fassarori sun bambanta wajen sunayen wasu daga cikinsu, gama sunayen Ibrananci ne na dā. Abin da ba a bambanta a kai ba shi ne wannan: a kan kowane dutse an zana sunan kabila ɗaya ta Isra'ila, kamar yadda ake zana hatimi. Akwai kuma duwatsun onis 2 a kafaɗunsa, sunaye 6 a kan kowanne. Duk lokacin da babban firist ya shiga Wuri Mai Tsarki, yana ɗauke da sunayen jama'a a kafaɗa da kan zuciyarsa, don tunawa a gaban Ubangiji. Ba a ce duwatsun za su kāre Haruna daga wani abu ba. Aikinsu ɗaukar suna ne.

Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 7, ta nuna mana cewa Yesu ne Babban Firist ɗinmu, yana raye kullum yana roƙo dominmu. Ɗan'uwa, sunanka yana kan zuciyarsa. Sunan jaririn nan da kike tsoro dominsa, 'yar'uwa, ya san shi tun kafin ranar suna.

Kada wani ya ji wannan ya ce mai bi ba zai sha wahala ba. Masu bi ma sun gudu daga Khartoum, sun bar gidajensu, sun binne 'yan'uwa. Mata da yawa sun sayar da kayan adonsu don kuɗin motar gudun hijira. Romawa sura 8 ba ta yi mana alkawarin cewa yunwa da takobi ba za su zo ba. Alkawarinta shi ne ba za su iya raba mu da ƙaunar Kristi ba. Ana iya fizge dutse daga wuya a shingen hanya, amma babu mai bindigar da zai kai hannu inda aka rubuta sunanka.

Ka tuna kuma da mutumin da Filibus ya tarar a hanyar Gaza. Ma'ajin Kandakatu ne, Kandakatu kuwa sarautar sarauniyoyin Meroe ce, wato mutumin ƙasar nan ne ta Sudan. Dukan dukiyar sarauniya tana hannunsa, ya san zinariya, ya san dutse na gaske da na jabu. Duk da haka ya yi doguwar tafiya zuwa Urushalima yana neman abin da babu a taskar uwargijiyarsa. Da ya ji labarin Yesu daga littafin Ishaya, ya roƙa a yi masa baftisma, ya kama hanyar gida yana murna. Ayuba ma, a sura 28, ya ce ko tofaz na ƙasar Kush bai kai darajar hikima ba.

To, me za mu yi?

In an ba ki dutse kyauta don ado, ki karɓa da godiya, ki sa, ki gode wa Mahaliccinsa, kina tunawa da gargaɗin Bitrus cewa adon zuciya ne ya fi. In kuwa an ce a ɗaura shi don kariya, sai ki tambayi zuciyarki: in zaren ya tsinke da dare, zan firgita? In amsar i ce, dutsen ya zama laya, ya hau kujerar da ba tasa ba.

Kada ki yi wa tsohuwa tsawa, gama ƙauna ce ta kawo ta. Ki durƙusa ki ce, "Kaka, mun gode, mun san don kina ƙaunarsa ne. Bari in ajiye masa shi, tunawa da ke. Amma tsaronsa mun danƙa wa Allah. Ki sa masa albarka da bakinki." In yaro ya yi zazzaɓi, a yi addu'a, a kai shi asibiti da wuri. Maƙwabta kuma da suke riƙe da al'adarsu, mu je bikinsu, mu taya su murna, mu ba da shaidarmu da tawali'u in sun tambaya.

Tambayoyi don bincike

1. Me aka zana a kan duwatsun ƙirjin Haruna, kuma don me?
2. Karanta Farawa 35:1-4. Me ya sa Yakubu ya binne 'yan kunnen iyalinsa, alhali Rifkatu ta karɓi nata kayan ado ba laifi?
3. Akwai wani abu a wuyanka, ko aljihunka, ko motarka, da kake tsoron fita ba tare da shi ba?

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin kyawawan abubuwan da ka ɓoye cikin ƙasa. Ka kawar da tsoro daga zukatanmu, ka koya mana dogara gare ka kaɗai. Ka tuna da mutanen Aljirif, da Khartoum, da Omdurman, da dukan waɗanda yaƙi ya warwatsa, ka ba ƙasar Sudan salama. Cikin sunan Yesu Kristi Babban Firist ɗinmu muka roƙa. Amin.