Kalmomin Ingilishi na Faɗin Abin da Zai Faru: Ma'anoninsu da Matsalar Fassara Su

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci kalmomin da Ingilishi ke amfani da su wajen faɗin abin da bai riga ya auku ba. An lura cewa kowace daga cikinsu tana ɗauke da iƙirari game da inda mai magana ya samo saninsa, ko lissafi, ko wahayi, ko duba. Wannan iƙirari shi ne yakan salwanta a hannun mai fassara.

1.0 Gabatarwa

A fassarar labarai ta yau kalmar "hasashe" ta zama jakar magori. Da ita ake fassara maganar masanin yanayi, da ta likita, da ta mai sharhin ƙwallon ƙafa, har da ta wanda ya ce an nuna masa abu a mafarki. Ingilishi kuwa ya ware wa kowanensu kalmarsa. Hausa ma ba ta rasa nata ba, domin akwai kintace da kirdado da duba da arwa da ishara da annabci, kuma Bahaushe ba ya musanya ɗaya da ɗaya.

2.0 *Predict* da *foretell*

Kalmomin nan biyu tagwaye ne a ƙira. *Predict* ta fito daga Latinanci, *prae* wato "kafin" da *dicere* wato "faɗi". *Foretell* kuwa Ingilishi ce ta gado, *fore* da *tell*, kuma ma'anar sassanta ke nan. Sai dai amfani ya raba su. *Foretell* ta koma harshen adabi da littattafan addini, ba a cika jin ta a bakin ɗan jarida ba. *Predict* ita ce gama-gari, kuma a kimiyya tana nufin faɗin takamaiman abu wanda za a iya gwadawa. A 1705 Edmond Halley ya lissafa cewa tauraruwa mai wutsiya da aka gani a 1682 za ta dawo wajen 1758. Ya rasu a 1742, tauraruwar kuma ta bayyana a watan Disamba na 1758. Irin wannan shi ne *prediction* cikakke: an faɗi abu, an faɗi lokaci, an bar wa sama ta gaskata ko ta ƙaryata.

3.0 *Forecast*

Shigar wannan kalma fagen yanayi tana da tarihi sananne. Robert FitzRoy, wanda ya tuƙa jirgin ruwan Beagle da ya ɗauki Charles Darwin, shi aka ba shugabancin sashen yanayi da Birtaniya ta kafa a 1854. Bayan guguwar da ta nutsar da jirgin Royal Charter a watan Oktoba na 1859, ya fara aika gargaɗi zuwa tasoshin jiragen ruwa, sannan ranar 1 ga Agusta 1861 jaridar *The Times* ta buga bayaninsa na farko kan yanayin da ake sa rai. Da gangan ya zaɓi *forecast*, domin a zamaninsa masu duban taurari ne suka yi suna da faɗin yanayin gobe a cikin almanak, shi kuwa yana gudun a haɗa shi da su. A littafinsa na 1863 ya bayyana cewa abin da yake fitarwa ra'ayi ne da aka gina a kan awo da lissafi, kada a ɗauke shi annabci.

Saboda haka *forecast* takan zo da ma'aunin yiwuwa. Idan aka ce yiwuwar ruwa gobe kashi 70 cikin 100 ce, ruwan bai sauka ba, ba a yi ƙarya ba. Masana girgizar ƙasa sun fi kowa tsananta wannan bambanci. A wurinsu *prediction* sai ya ƙunshi lokaci da wuri da ƙarfin girgizar, kuma Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka ta ce ba wanda ya taɓa yin haka game da babbar girgiza. Abin da za su iya shi ne *forecast*. Girgizar da ta auka wa garin L'Aquila na Italiya ranar 6 ga Afrilu 2009, ta kashe mutum fiye da 300, ta nuna nauyin lamarin. A 2012 kotu ta yanke wa masana shida da jami'in gwamnati ɗaya ɗaurin shekara shida-shida, bisa zargin cewa bayanin da aka yi wa jama'a kafin girgizar ya kwantar musu da hankali fiye da kima. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan shida.

Ba kowace hukuma ce ke bin wannan rabe-rabe sau da ƙafa ba. Hukumar NiMet ta Nijeriya tana kiran bayaninta na damina *prediction*, na kullum kuma *forecast*. "Hasashe" ta dace da duka biyun, muddin mai fassara bai zubar da adadin yiwuwar ba. Wanda ya mayar da "mai yiwuwa" ta koma "za a yi", ya sa manomi binne iri a kan alkawarin da ba a yi masa ba. Haka nan ya jefa masanin cikin zargin shiga gaibu, tun da saukar ruwa na cikin abubuwa biyar da aya ta 34 ta Suratu Luƙman ta ambata.

*Projection* sharaɗi gare ta: idan abubuwa suka ci gaba yadda suke, ga inda za a kai, kamar ƙiyasin yawan jama'a. *Prognosis* ta likitoci ce, wato yadda ake ganin cuta za ta kaya, kuma ɗalibai kan rikita ta da *diagnosis*, gano cutar kanta.

4.0 *Prophesy* da 'yan'uwanta

A nan ne zamewa ta fi haɗari. Da farko akwai ƙa'idar rubutu: *prophecy* suna ne, *prophesy* aikatau, kamar *advice* da *advise*. Tushensu Girkanci ne, *prophetes*, mai magana da yawun abin bauta. Amma Ingilishi ya sassauta kalmar ƙwarai. Ana kiran masanin tattalin arziki mai yawan hango masifa *prophet of doom* ba tare da kowa ya ji an taɓa addini ba. A 1948 masanin zamantakewa Robert Merton ya ƙirƙiri *self-fulfilling prophecy*, wato maganar da yarda da ita ke sa ta tabbata, kamar jita-jitar karyewar banki da ke sa masu ajiya su kwashe kuɗinsu har ya karye. "Annabi" da "annabci" ba su karɓi irin wannan sassauci a Hausa ba. Ya fi kyau a ce "mai mugun fata" ko "mai hasashen sharri" a na farko, a na biyu kuma "zaton da ke haifar da kansa". Idan kuwa mai maganar da kansa ya ce daga Ubangiji ya samo, sai a rubuta "ya yi iƙirarin an yi masa wahayi", a bar nauyin a wuyansa.

Ragowar kalmomin daga duba suka taso. *Soothsayer* ta ƙunshi tsohuwar kalma *sooth*, wato gaskiya, ko da yake a yau mai duba take nufi. *Divine* a matsayin aikatau ita ce ta fi kusa da bugun ƙasa da arwa. *Augur* sunan malamin tsafin Rumawa ne mai karanta tashin tsuntsaye kafin a fara wani aikin hukuma, kuma daga nan *inaugurate* ta samo asali, wadda ake fassarawa da rantsarwa ko ƙaddamarwa. A Ingilishin yau *augur* da *bode* da *portend* ba mutum ne ke aikata su ba, alama ce. Jumlar *the early rain augurs well for the harvest* ba ta ƙunshi boka ko tsuntsu ba, kuma fassararta ita ce "ruwan farin nan alama ce ta kaka mai albarka".