Baƙin ruwan juji

A gundumomin Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram, ruwa ba ya da nisa. A kwarin Korama, in mutum ya gina gaba biyu ko uku sai ya tarar da shi. Shi ya sa ake noman rake da albasa a can. Amma ƙasar rairayi ce, kome aka zuba mata sai ta shanye.

A bayan gari akwai juji. Can ake zubar da shara: ruɓaɓɓen abinci, kashin dabbobi, leda, gwangwani da mataccen batir. Da damina, daga watan Yuni zuwa Satumba, ruwan sama yana ratsa jujin. Sai ya fito ta ƙarƙashi, baƙi ƙirin, yana wari. Wannan ruwa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo, da gubar ƙarfe irin ta dalma. In an bar shi, yana nutsewa ya haɗu da ruwan rijiya. Mai ɗiba ba zai gane ba, don ruwan yana iya fitowa garau.

Mutanen gari suna iya rage dauɗarsa ba da kuɗi mai yawa ba. Suna yanka ƴar hanya daga gindin jujin zuwa wani rami da aka daɓe da yumɓu, don kada ya tsiyaye. Ruwan yana kwana a nan, laka ta kwanta. Daga nan ya bi ta rami na biyu, wanda aka cika da tsakuwa, rairayi da dakakken gawayi. Rairayi yana tare datti. Gawayi yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, su ne suke kama wari da wani sashe na gubar. In gawayin ya ƙoshi, sai a sake sabo.

A rami na uku ana dasa kacala. Masu lambu ba sa son ta, don tana cinye masu tabki. A nan kuwa tana da rana: saiwoyinta suna zuƙe dauɗa, kuma wasu ƙananan halittu da ke zaune jikinsu suna cin ruɓa.

Ruwan da ya fito ya yi haske, amma ba na sha ba ne, ba a kuma ba dabbobi. Itatuwan inuwa ake ba shi. Batir kuwa tun daga gida ake ware shi. Tsakanin juji da rijiya a bar aƙalla mita 30, jujin kuma ya kasance ta gangare.

Tambayoyi
1. Don me ruwan juji yake saurin kai wa rijiya a kwarin Korama?
2. Mene ne aikin gawayi?
3. Ku auna da taki: daga jujin unguwarku zuwa rijiya mafi kusa, taki nawa ne?