Mace Ce Ko Namiji? Jan Hankali Ga 'Yan'uwa Mazauna Jidda

Duk wanda ya daɗe a Jidda ya san maƙabartar da ake kira Ummuna Hawwa'u, kusa da tsohon gari. Mutanen birnin sun gaji labarin baka cewa a nan aka binne Nana Hawwa'u, har wasu na cewa sunan garin ma daga kalmar Larabci mai nufin kaka ya samo asali. To, a wannan gari mai tinƙaho da kabarin mace na ga wata 'yar'uwarmu ta fito daga ɗakin hoton ciki na wani asibiti tana share hawaye da gefen abayarta. Wata dattijuwa da ke zaune a layin awo ta tare ta: "'Yar nan, lafiya? Ko cikin ne ya samu matsala?" Ta ce: "A'a Inna, lafiyarsa ƙalau. Mace ce kuma, ta huɗu ke nan. Ban san da wane baki zan faɗa wa maigidan ba."

Mu fara da abin da ya kamata maigidan ya sani. Ƙwan mace iri ɗaya ne kullum, yana ɗauke da ƙwayar halittar da likitoci ke kira X. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, wani X wani Y. Idan mai Y ya riga isa, sai a samu namiji, idan mai X ne, mace. Ashe mutumin da ya ƙaurace wa matarsa, ko ya ƙaro aure wai don ita "mata take haifa", ya ɗora mata laifin abin da daga jikinsa ya fito, kuma shi ma ba shi ya zaɓa ba.

Ba a rasa dalilan da suka sa mutanenmu ke ɗokin ɗa namiji. Babba a cikinsu gado ne. Mutum in ya rasu ya bar 'ya mace guda, rabi take ɗauka, in biyu ne ko fiye su raba kashi biyu cikin uku, abin da ya saura bayan sauran masu rabo ya tafi ga dangin uba maza. Wanda ba ya ga maciji da 'yan'uwansa sai ya riƙa jin kamar baƙi zai tara wa dukiya. A nan Saudiyya kuma, kafin watan Yuni na 2018 mace ba ta tuƙa mota, saboda haka gidan da babu saurayi yakan ji a jikinsa wajen zirga-zirgar asibiti da makaranta. Sai dai mu tuna Bahaushe bai tsaya ga Tanko ba, wato namijin da ya biyo bayan mata. Ya kuma raɗa Kande da Delu ga macen da ta biyo bayan maza, alamar ita ma an yi marmarinta. Ko ragon suna, a mazhabar Malikiyya da muka taso a kai, ɗaya ne ga mace ɗaya ga namiji, ko da yake a nan za ka ga maƙwabta na yanka biyu ga namiji bisa fahimtar malamansu.

Na'urar hoton ciki kan nuna jinsi ne wajen sati 18 zuwa 20, akwai kuma gwajin jinin uwa da ke nunawa tun sati na 10. An ƙirƙiro su don duba lafiyar ɗan tayi. Abin da wasu ƙasashe suka mayar da su ne abin tsoro. A yadda Allah ya tsara, ana haifar maza kusan 105 a kan kowane mata 100. A Sin, inda aka taƙaita wa iyali haihuwa zuwa ɗa guda har shekarar 2015, ƙidayar 2010 ta nuna maza kusan 118 a kan mata 100. A Indiya sai da gwamnati ta kafa doka a 1994 ta haramta wa likita faɗin jinsin ɗan tayi, amma duk da haka ƙidayar 2011 ta samu yara mata 919 kacal a kan maza 1,000 cikin 'yan ƙasa da shekara bakwai. Ina sauran? Da yawansu an zubar da su tun suna ciki. Yau a wasu ƙauyukan jihar Haryana ta Indiya samari na nemo mata daga jihohi masu nisa, don sun yi ƙaranci a gida. Larabawan jahiliyya rami suke haƙawa, Alƙur'ani kuma ya yi tir da su a Suratun Nahli da Suratut Takwir. A ganina kayan aikin ne kawai suka sauya.

Malamai ba su yi shiru ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, tafiyar awa guda daga nan, ta zauna a kan wannan batu a zamanta na 19, a watan Nuwamba na 2007. Ta ce babu laifi ma'aurata su bi hanyoyi irin na abinci ko lissafin lokacin saduwa, amma ba ya halatta likita ya sa hannu ya zaɓi jinsi sai don larurar ciwon gado da ke kama jinsi ɗaya, kamar ciwon rashin daskarewar jini da galibi maza yake kamawa. Ko a nan ɗin ma sai miji da mata sun yarda, kuma sai kwamitin amintattun likitoci aƙalla uku ya tabbatar. Wanda ke da kuɗin dashen ƙwai, yake tunanin zuwa a tace masa maza don kawai ya samu magaji, ya san inda wannan fatawa ta ajiye shi. Zubar da ciki don an ga mace kuwa, babu malamin kirki da zai buɗe masa ƙofa.

Sanin jinsin kansa ba laifi ba ne. Uwa na son ta san irin kayan jinjirin da za ta saya a kasuwar Bab Sharif, kaka a Kano ko Damagaram na son ta fara tunanin suna. Matsalar tana ga fuskar da ake tarar labarin da ita. Zuriyar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta wajen Nana Faɗima ta ɗore. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara malamai mata da ake kira jaji da ƙungiyar 'yan taru, suka kai karatu ga matan ƙauye. Nan cikin Jidda, makarantar Darul Hanan da Iffat, matar Sarki Faisal, ta buɗe wa 'yan mata a 1955 ta yaye ɗaliban da suka zama likitoci da malaman jami'a.

Saboda haka Alhaji, ranar da Hajiya za ta koma awo, ka ajiye aiki ka raka ta. Ka fara tambayar likita lafiyar cikin da ta mai ɗauke da shi kafin komai. In an ce mace ce, kai za ka kira gida ka yi albishir da bakinka, kada ka bar mata wannan nauyi. Surukai da dangin miji kuma, don Allah a daina tambayar mai jego "yaushe za a samo mana namiji?"